Auren Ƙafafun Baya

Motata tana kuka a kwana, kuma duk wanda ya san ni a Damagaram ya san haka. In na zo shataletale na karya kanta, sai ka ji ƙafar baya tana ƙii, ƙii, kamar an taka wutsiyar kwikwiyo, 'yan kabu-kabu su waiwayo suna dariya. Akwai ranar da wani jandarma ya tsayar da ni a mararraba. Ya taho a fusace, a zatonsa zai tarar da ɗaya daga cikin samarin nan masu wasan mota ranar biki, masu juya ta a wuri ɗaya har ƙura ta rufe ango. Da ya leƙo sai ya ga tsoho da furfura da tabarau. Ya ce, "Baba, har da kai?" Na ce masa har da ni. Ban tsaya yi masa bayani ba, rana ta yi zafi, ni kuma Allah bai yi ni mai dogon haƙuri ba. Bayanin ne nake so in rubuta yanzu tun hannuna yana riƙe alƙalami.

Motar tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufa wa tampol. Na saye ta shekarar da na bar koyarwa, bayan na gama shan ƙurar alli a lakwal, wato makarantar boko. Aikinta biyu ne a lokacin: ɗauko hatsi daga gona, da kai mahaifiyata lopital wurin likita. Inna tana wurina a unguwar Birni tun rasuwar mahaifinmu. Wata damina ta zame a tsakar gida ƙashin ƙugunta ya karye, da ya warke kuma bai koma daidai ba. Daga nan ba ta ƙara hawa babur ba, ba ta ƙara hawa amalanke ba. Kujerar gaban mota kaɗai take iya zama, ita ma sai an tare ta da matasai ta kowane gefe. Kunnenta kuma ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya kamar mai kiran salla kafin ta ji ka.

Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da ƙanwarta da muke kira Iya. Iya tana aure a wani ɗan ƙauye can bayan Dogo, inda hanya ke ƙarewa yashi ya karɓa. Da can duk kaka sai ta zo mana da gyaɗa da kuka da daddawa, su kwana bakwai suna hira suna faɗa a kan wa ya fi wani tuna abin da uwarsu ta ce. To a bazarar da nake magana sai saƙo ya zo cewa ɓarin jikin Iya ya shanye, tana kwance, harshenta ya yi nauyi. Na kira waya na kanga wa Inna a kunne. Aikin banza. Wannan ba ta ji, waccan ba ta iya faɗa. Inna ta miƙo mini wayar ta ce, "Ka kai ni." Sau ɗaya ta faɗa, Inna ba ta maimaita roƙo.

Washegari da sassafe muka kama hanya. Kwalta ta kai mu Dogo lafiya lau. Daga nan akwai kwari uku na yashi kafin ƙauyen, kowanne ya fi na bayansa faɗi. Ko na farko ban tsallake ba. Motar ta shiga, ta yi nishi, ta zauna. Na sauko na duba, abin da na gani har yau in na tuna sai raina ya ɓaci: ƙafar hagu tana ta juyawa ita kaɗai tana haƙa wa kanta rami, ta dama kuwa tana kan ƙasa mai ƙwari, a tsaye cak kamar ba da ita ake ba. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta. Wasu bayin Allah masu amalanken shanu suka zo suka ce a ɗora tsohuwa a kan nasu su ƙarasa da ita. Muka gwada. Muna ɗaga ta zuwa kan katako ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin uwata ba. Muka mayar da ita kujera. Shanu suka ja mu da baya zuwa ƙasa mai tauri, muka juyo gida. Da na tsaya a ƙofar gidanmu ta buɗe ido ta ce, "Mun iso?" Na ce mun iso Birni.

Na nemi katkat, motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja. Mutum ɗaya da na sani tasa ta yi arewa da kaya. Wani kuma ya yi ta ce mini gobe, gobe, har na gane goben ba ta cikin kwanakin duniya.

A nan taubashina ya shigo maganar. Ɗan kawuna ne, ubansa wan su Inna ne da Iya, saboda haka su biyun duk gwaggonninsa ne. Aikin sudur yake yi, haɗa ƙarfe da wuta, shagonsa yana bayan ganuwa. Bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Tun muna yara yake cewa ni bawansa ne tunda ɗan mace nake, ni kuma ban taɓa yarda ba ko da wasa. In yana so ya ƙular da ni sosai sai ya kira ni Mushe, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, ya ja kalmar har sai ta yi tsami. Labari ya same shi, ya zo gidan da kansa. Ya durƙusa ya gaida gwaggonsa, sannan ya fito ya sa jak ya ɗaga bayan motar ba tare da ya nemi iznina ba.

Ya ce, "Mushe, zo ka yi karatu."

Ya kama ƙafar hagu ya juya ta gaba da hannu. Sai na ga ta dama tana juyawa baya. Shekara nawa ina tuƙa motar nan ban san haka take ba.

Ya ce, "Ka gani? Wannan ta yi gabas, waccan ta yi yamma. Ni da kai ke nan." Ya ƙwanƙwasa wani ƙullutun ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakanin ƙafafun biyu. "Wannan shi ne pon. A cikinsa akwai wasu ƙananan haƙora, aikinsu raba gardama. In ka sha kwana, ƙafar waje ta fi ta ciki nisan tafiya, to su ne ke barin kowace ta yi tafiyarta. A kwalta adalci ne. A yashi kuwa rashin imani ne, don duk ƙafar da ta rasa abin takawa ita ke ta rawa, mai ƙasa ta zauna tana kallo."

Na ce to mene ne magani.

Ya ce, "In ɗaura musu aure. In narka haƙoran nan su zama abu ɗaya. Inda wannan ta je, can waccan za ta. Amma ka ji da kyau, auren nan babu saki. Za ta yi maka kuka a kwalta, za ta ci taya, ba ka ƙara yi mata lodi mai nauyi, ba ka gudu in an yi ruwa. Yashi kuwa za ta haye shi in Allah ya yarda."

Da ina da hankali da a ranar na ce bismilla. Amma ni Mushe ne. Na ce ya ba ni zuwa gobe, na shiga ɗaki na ɗauki waya na bincika da Faransanci. Abin da ya fara fito mini wasu samari ne na ƙasashen waje suna juya motoci a fili, hayaƙi na tashi daga tayoyi, mota na tafiya a karkace ana tafi. Wai don irin wannan wasan ake haɗe haƙoran. Rubutun da ke ƙasa kuma ya ce abin bai dace da motar hanya ba, yana iya karya ƙarfen ƙafa. Washegari na tafi shagonsa da ƙirjina a gaba. Na ce masa na karanta, abin da yake so ya yi mini aikin 'yan iska ne, ni da furfurata ba zan sa uwata a motar wasa ba.

Ya ɗaga gilashin sudur daga fuskarsa ya ce, "To madalla. Karatun ya kai Gwaggo."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa mutumin da bai iya rubuta sunansa ba ba shi zai koya mini mota ba. A gaban mutane na faɗa. Tsakanin taubasai ana zagi iri-iri a yi dariya, amma wannan ba wasa ba ne, kuma shi da ni duk mun san haka. Ya sauke gilashinsa ya ci gaba da ƙofar da yake haɗawa. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa ranar na naɗa shi har da kunnuwa.

Sai na shiga yin dabarata ta masu ilimi. Na sayi shebur, na nemo katakai biyu da tsofaffin tabarmi, na rage iskar tayoyi kamar yadda na karanta. Na ce bari in gwada ni kaɗai kafin in sake wahalar da tsohuwa. Na tsallake kwarin farko da ƙyar, har na fara yabon kaina. Na biyu ya riƙe ni tun hantsi har la'asar. Ƙafa ɗaya na haƙa, ɗaya na kallo, ni ina zuba gumi ina cusa tabarma tana tofo ta baya. Mutanen nan dai masu shanu su suka sake fitar da ni, ɗayansu har ya tambaye ni lafiyar tsohuwa. Kwana goma sha ɗaya na ɓata a wannan taurin kai. A rana ta goma sha ɗaya aka aiko cewa Iya ta daina karɓar fura, sai ruwa kawai ake ɗiga mata.

Na rasa yadda zan gaya wa Inna, amma dole na ɗaga murya na faɗa. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta da ke miƙe a kan tabarma. Can ta ce, "An ce zumunta a ƙafa take. Ni tawa ta ƙare. Taka na ara, ɗana."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Da safe na tafi bayan ganuwa. Na tarar da shi yana shan shayi a bakin shago. Na tsaya a kansa na ce, "Ubangida, bawanka ya zo." Shekara sittin yana jiran wannan kalma. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sai yau?" Ya tashi ya shiga ciki ya fito da wani tsumma a ƙulle ya kwance. Guntun ƙarfe ne mai kauri an yanke shi an goge gefensa, da ƙunshin sandunan sudur sababbi. Ya ce tun ranar da na zage shi ya yanka ya ajiye, don ya san yashin bayan Dogo zai kawo masa ni. Har yau in na tuna tsumman nan sai idona ya kawo ruwa.

Muka je gida ɗauko motar. Ya leƙa ɗakin Inna ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, yau muna da ɗaurin aure." Ta ce na wa. Na sunkuya na yi mata bayani har sau biyu, cewa ƙafafun mota ne za a haɗe, magana ce irin ta masu sudur. Ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Ta kwance bakin zanenta ta fito da goro biyu ta miƙa masa, ta ce ba a ɗaura aure babu goro. Sannan ta sa muka ɗaga hannu, ni da shi, manya da mu, ta yi fatiha ta ce Allah ya ba su zaman lafiya. Ya shafa yana dariya. Ni ban yi dariya ba, na shafa da gaske.

Na zauna a kan benci na ga aikin daga farko har ƙarshe, kuma ban ce uffan ba, wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya tsiyaye baƙin man da ke cikin pon, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ya kwance ya fito da haƙoran, ya wanke su tas, ya shanya a rana sai da suka bushe ƙayau, ya ce in akwai sauran maiƙo wutar ba ta kamawa da kyau. Ya cusa guntun ƙarfen nan a tsakaninsu, ya zauna daram kamar an auna. Ya ɗana wuta a nan, ya juya, ya ɗana a can, kaɗan-kaɗan, ba ya barin gefe ɗaya ya yi zafi da yawa. Da ya gama na miƙa hannu zan ɗauko buta in zuba ruwa don ya yi saurin hucewa. Ya buge mini hannu. Ya ce ƙarfen da aka sanyaya da ruwa tsagewa yake yi, a bar shi ya huce don kansa. Muka jira. Ya kankare dattin wutar, ya sake wankewa, ya mayar, ya zuba sabon mai. Sannan ya ce in juya ƙafar hagu da hannuna. Na juya. Ta dama ta bi ta, gaba ɗaya, babu gardama.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya ce ba zai bar bawa ya tafi da gwaggonsa ba mai tsaro. Muka tare Inna da matasai a gaba, shi ya hau baya ya zauna daidai kan pon, wai nauyin ubangida yana taimakon ƙafa. A kwanar farko da muka hau kwalta motar ta yi kukanta na fari, na ji shi a baya yana ƙyalƙyala dariya.

Da muka bar Dogo ya sauko ya rage iskar tayoyi da ɗan tsinke. Ya leƙo ta taga ya ce, "Giya ta biyu. Kada ka ɗaga ƙafarka, kada ka karya kai da ƙarfi, kada ka tsaya ko me ka gani. In bayanta ya yi wutsiya ka bar ta, kada ka yi faɗa da ita. Na san faɗa a jininka yake."

Kwarin farko muka wuce shi kamar ba shi ne ya kunyata ni ba. A na biyu bayan motar ya fara karkata hagu da dama, hannuna na ƙaiƙayin in murɗe ta, sai na ji ya daki rufin da tafin hannu, na ƙyale ta, ta daidaita da kanta. Na uku shi ne babba, ban taɓa kaiwa gare shi ba. A tsakiyarsa injin ya fara nishi, tafiya ta ragu har mai ƙafa zai iya wuce mu. Na dubi madubi na ga yashi yana tashi ta gefe biyu, hagu da dama, duka suna haƙa, duka suna turawa. Na danne ƙafata ina salati a fili. Inna tana jan carbinta ko kallon hanya ba ta yi. Motar ta ja jiki, ta ja jiki, sai na ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashinmu. Kafin azahar muna ƙofar gidan Iya.

Ni da shi muka ɗauki Inna a hannu muka shiga da ita. Iya tana kwance a kan tabarma, ta rame har na kusa kasa gane ta, idonta ne kawai ke motsi. Muka kwantar da Inna a gefenta. Ina tsaye ina tunanin me za su ce wa juna, mai nauyin kunne da mai nauyin harshe. Inna ta kira ta Auta, yadda uwarsu ke kiranta. Hannun Iya mai lafiya ya lallaɓo ya kama bakin zanen Inna ya riƙe gam. Inna ta ce a kawo fura. Aka ce ai ba ta sha. Ta ce ita ba tambaya ta yi ba. Aka kawo, ta ɗiba da ludayi ta kai mata baki, Iya ta haɗiye. Ta ƙara, ta haɗiye. Na fita waje na zaga bayan mota na yi kuka irin na yara. Taubashina ya shige ƙarƙashin motar wai yana duba ko pon na yoyo, ya daɗe bai fito ba.

Da la'asar na shiga na ce Inna ta shirya mu koma kafin rana ta faɗi. Ta ce ba inda za ta. Na ɗaga murya na lissafa mata: magungunanta, ranar ganin likita, katifarta, zafin ƙauye. Ta bari sai da na gama sannan ta ce, "Inda wannan ta je, can waccan za ta. Ba haka ɗan wana ya ce ba?" Ashe ranar da yake mini karatu a ƙofar gida, tagarta a buɗe take, kuma shi ba ya magana a hankali. Na dubi hannun Iya, har lokacin yana riƙe da zanen. Na fita na sauke mata matasai daga mota.

Daga ranar duk mako nake tsallake kwarin nan uku da magani da ɗan abin marmari, kuma ko sau ɗaya motar ba ta ƙara zama ba. Iya ta yi kusan mako uku sannan Allah ya karɓi abinsa, kanta a kan cinyar yayarta. Na ce to yanzu Inna ta dawo gida. Ta ce sai an yi arba'in. Aka yi arba'in ta ce sai an yi shuka. Gero bai fitar da kai ba ita ma ta bi. A can aka binne ta, tsakaninta da Iya bai fi taku uku ba. Na yi kukan rashin uwa kamar kowa, amma ban yi kukan da na fi tsoro ba, na a ce ta ara ƙafata na hana ta. Wannan kam Allah ya tsare ni da shi, ta hannun mutumin da na ce bai iya rubuta sunansa ba. Na gode wa Allah, na gode masa, ko da yake a gabansa ba na yawan faɗa, kada kansa ya ƙara girma.

Bayan an share makoki ya samo mini wani pon na hannu mai lafiya. Ya ce in kawo motar ya sauya, tunda aikin da aka yi auren dominsa ya ƙare, in huta da sayen taya da dariyar 'yan kabu-kabu. Na ce masa shi da bakinsa ya ce babu saki. Ya ce ai wannan ba saki ba ne, sauyin gida ne. Na ce auren da Inna ta ba da goronsa ta yi masa fatiha, ni ban isa in taɓa shi ba, shi ma bai isa ba. Ya dube ni, ya buɗe baki zai yi tsiya irin tasa, sai ya fasa ya sauke gilashinsa a fuska.

Pon ɗin da ya samo yana nan jingine a bangon shagonsa, ya fara tsatsa.